Wa Ya Mamaye Wa a Fadamar Haɗejiya?

Akwai jimloli huɗu da suke dawo mana duk shekara kamar shamuwa. Da an shiga watan Agusta za mu ji a rediyo cewa ruwa ya mamaye garuruwan Auyo. Jami'in da za a yi hira da shi zai ce ai kacala ce ta mamaye kogi. Shinkafa na fara nuna sai a ce jan-baki ya mamaye gonaki. Kaka na yi kuma a ce shanu sun mamaye amfanin gona. Ruwa da ciyawa da tsuntsu da saniya, su ne 'yan mamayar da aka amince a kira da sunansu a ƙasarmu. Abin da ya haɗa su huɗun shi ne babu wanda zai iya ɗaukar lauya a cikinsu, babu mai kujera a majalisa, babu wanda ya san lambar wayar kwamishina.

Mu da muke zaune a bakin wannan kogi muna da ƙorafi a kan yadda ake sarrafa wannan kalma, kuma ƙorafin ya wuce na malaman nahawu. Kalmar da aka zaɓa ita ke nuna mai laifi tun kafin a je gaban alƙali. Wanda aka ce ya yi mamaya, korarsa ta halatta. Wanda aka ce ya zo, ko ya faɗaɗa, ko ya zuba jari, sai a shimfiɗa masa tabarma. A fadamar Haɗejiya an daɗe ana raba waɗannan kalmomi bisa ƙarfin mutum, ba a duba abin da ya aikata.

Hausa ba ta da talaucin kalmomi

Babu wanda zai fake da cewa harshen ne ya gaza. Kakanninmu sun ga yaƙi iri-iri, kuma kowane irin shiga hakkin wani sun raɗa masa suna. Hari shi ne a nufo ka, a ɗebi abin da za a ɗiba, a juya. Farmaki shi ne a far maka da gaggawa. Kutse aikin mai cusa kai ne inda ba a gayyace shi ba, ko gidan biki ne, ko layin awo, ko kuma a yau asusun bankinka da wayarka, shi ya sa ɓarayin intanet suka gaji sunan masu kutse. Ƙwace ana yin sa ido da ido, mai abu yana kallo. Cin iyaka kuwa aikin maƙwabci ne mai haƙuri, wanda kowace damina yake ƙara kunya ɗaya daga gonarka zuwa tasa, har jikokinsa su rantse cewa a nan suka tarar da iyakar. Kaka-gida shi ne baƙon da ya kwance kaya bai da niyyar ɗaurewa. Babakere na wanda ya zauna a kan rabon mutum goma ne shi kaɗai. Ko maganar da muke yi kullum ta wuce gona da iri, asalinta hoton mai shuka ne da ya kai ƙarshen gonarsa bai tsaya ba.

Ita kuwa mamaya, tsohuwar ma'anarta ita ce a auka wa mutum bai shirya ba. Har gobe idan baƙo ya faɗo mana ba sanarwa muna cewa ya mamaye mu. Barci ma yana mamayar mutum. Daga baya ne gidajen rediyo suka ɗora mata nauyin sojojin da suka shiga ƙasar wasu suka zauna, kamar shigar Amurka Iraƙi a 2003, ko yankunan Falasɗinawa da Isra'ila ta riƙe tun yaƙin 1967. Wato kalmar tana ɗauke da abu biyu: shammata, da kuma mai niyya da ya shirya shammatar. Mu riƙe waɗannan biyu, mu auna jimlolin nan da su.

Kacala ba ta shammaci kowa ba

Dattawan da suka yi wayo kafin 1970 sun san wani kogi daban da wanda 'ya'yanmu suka sani. Da damina yakan cika ya malala cikin fadamu, ya bar taki da kifi. Da rani ya janye, wurare da yawa ya ƙafe sai yashi da 'yan tafkuna. A kan wannan numfashi na kogi aka gina rayuwa: manomi ya shuka shinkafa a ruwan da ke hawa, ya bi danshin da ruwa ya bari da wake da sauran kayan rani, masunci ya kama kifi, makiyayi ya sauko da shanu bayan an kwashe amfani. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka kammala ta Calawa kusa da Ƙaraye. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya, wanda ke bi ta Ringim ya iso mana, ya wuce Haɗejiya, ya gamu da na Jama'are wajen Gashuwa, ya nufi tafkin Cadi. Tun da aka datse su, sai aka riƙe ruwan damina, ana sakin sa a hankali har cikin rani. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu. Ƙafewar rani da ke kashe ciyawar ruwa ta daina zuwa. Abin da ya saura shi ne ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ke kwance wata goma sha biyu. Duk wanda ya san kacala ya san babu abin da take so a duniya kamar wannan.

Sai ta tsiro, ta tare laka, lakar ta ƙara cike hanya, ruwa ya ƙara raguwar gudu, kacala ta ƙara samun wuri. Haka aka yi ta yi har wasu rassan kogin suka toshe. Reshen Kafin Hausa ya shaƙe, tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana suka shaƙe, ruwa ya karkata ta Marma ya nufi Nguru. Wasu garuruwa gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma suka koma suna kallon busasshiyar fadama. A cikin duhuwar kacalar nan jan-baki ke kwana yana hayayyafa, sauro ya samu gida, dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ya samu mafaka.

To ina shammata a abin da ya ɗauki shekara hamsin yana faruwa a gaban idon injiniyoyi? Ina niyya a wurin ciyawa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da jami'i ya tsaya gaban makirufo ya ce kacala ta mamaye kogi, ya taƙaita labarin ne daga tsakiya, ya yanke farkonsa inda sunan ma'aikatarsa yake. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da makullin waɗannan madatsu. Yadda ake sakin ruwa shawara ce da mutane ke yankewa a ofis, kuma abin da mutum ya yanke, mutum na iya gyarawa. Idan aka ce ciyawa ce mai laifi, magani shi ne a sayo injin yankan ciyawa, a yi bikin ƙaddamarwa, bayan damina biyu ta dawo. Idan aka ce tsarin sakin ruwa ne, dole a zauna da mutanen Auyo da Guri da Nguru a tambaye su yaushe suke son ruwa, yaushe suke son kogi ya huta. Ba abin mamaki ba ne da aka fi son jimlar farko. An bar jaki ana dukan taiki.

Za a ce mana madatsun nan sun yi amfani. Sun yi. Birnin Kano na shan ruwansu, Kadawa da Kura sun zama rumbun shinkafa da tumatir, mu ma nan aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, wanda Shugaba Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar da gyaransa a 2018 ya kuma dawo ya buɗe a farkon 2023 da kuɗin rancen Bankin Duniya, ya sa dubban magidanta suna noma sau biyu a shekara. Ba mu ce a rushe Tiga ba. Amma tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki irin su Edward Barbier suka yi lissafi suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar Haɗejiya da Nguru yana samar da arziki, na noma da kifi da itace, fiye da irinsa da aka karkatar zuwa aikin ban-ruwan Kano. Lissafin yana nan a rubuce fiye da shekara talatin. Wanda ya ci riba a sama ana kiran abin da ya samu ci gaba. Wanda ya yi asara a ƙasa ana kiran abin da ya same shi ƙaddara.

Ruwan da ya san hanyarsa

Haka batun ambaliya. A 2018 ruwa ya ci garuruwanmu, a 2020 ya sake, a 2022 ya yi ɓarnar da har yanzu wasu ba su farfaɗo ba. Gidajen ƙasa sun zube, shinkafar da aka ci bashi aka noma ta nutse, mata da yara sun kwana a azuzuwan firamare da bakin titi. Duk wanda ya ga wannan ba zai yi wasa da zafin abin ba. Amma abin da ke zuwa a wata ɗaya kusan kowace shekara, wanda hukumar hasashen yanayi ke sanar da shi tun kafin a yi shuka, ta yaya za a ce ya mamaye mu? Kogin da laka da kacala suka cike cikinsa dole ya amayar da abin da aka ɗura masa. Jingar da aka bari ta zaizaye dole ta ɓalle. Filin da kowa ya san kwanciyar ruwa ne, idan aka yanka shi fuloti aka sayar, ruwa zai zo ya karɓi kayansa.

Kalmar mamaya a nan tana yi wa masu mulki aiki mai kyau. Ta mai da sakaci ya zama hatsari. Bayan hatsari abin da ake jira shi ne jaje: buhun masara, tabarma, gidan sauro, hoto da Mai Girma. Bayan sakaci kuwa tambaya ake yi: nawa aka ware don yashe kogi, wa aka ba kwangilar jinga, wace rana aka buɗe ƙofofin madatsa, wa aka sanar? Mun gode da masara. Amsar tambayoyin nan muke nema.

Saniya ta yi ɓarna, gona ta faɗaɗa

Inda rashin adalcin kalma ya fi zubar da jini shi ne tsakanin manomi da makiyayi. Idan shanu suka shiga gona, kalmomi a shirye suke: ɓarna, kutse, mamaya, hari. Kuma gaskiya ne, akwai masu kora garke cikin shinkafar da ta nuna da dare, da gangan, da makami a hannu. Mutanen Guri da Kirikasamma sun binne 'yan uwansu saboda haka, kuma wanda ya aikata wannan ɗan ta'adda ne, ko wane yare yake ji.

Amma idan gona ta shiga burtali fa? Nan sai harshe ya yi laushi. A ce an faɗaɗa noma. A ce an raya fili. Mashayar da shanu suka saba sauka tun zamanin kakanni, idan aka kewaye ta da albasa da injin ban-ruwa, sai a ce matasa sun rungumi noman rani. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, burtali da labi kuma sun girmi dokar nesa ba kusa ba. Wanda ya nome su ya ci iyaka, kuma sau da yawa ba ƙaramin manomi ba ne, mai hannu da shuni ne da ya samu takarda daga wurin wanda aka ba amanar filin. Saniya ba ta tashi sama. Idan aka toshe mata hanyar zuwa ruwa, ta cikin gonar wani za ta bi, kuma gonar da za ta bi galibi ta talakan da bai ci burtalin kowa ba ce. Shi za a bari da asara, shi da yaron da ke bin shanun za su sari juna, mai takarda yana Dutse ko Kano yana jiran a kawo masa labari.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muddin shigar saniya gona tana da suna mai zafi, shigar gona burtali kuma ba ta da suna ko kaɗan, to duk zaman sulhun da za a yi a fadar hakimi rabin shari'a ake yi.

Na sama da su duka shi ne mai zuba jari. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe gona domin amfanin jama'a, diyya kuma ta abin da ke kan ƙasar ce, ban da ƙasar kanta. Mun ga yadda aka yi a yankin Gagarawa, inda aka ware wa wani kamfani kimanin hekta 12,000 domin noman rake, manoma suka yi ta kuka a kan gonakin gado. A takardun gwamnati ba za ka ga ƙwace ba, ba za ka ga babakere ba. Za ka ga an ware, an samar, an jawo masu jari. Yanzu da ƙasar noman rani ta yi daraja a Auyo, duk mai gona a bakin ruwa ya kamata ya koyi jin waɗannan kalmomi masu taushi da kunnen da yake jin kukan kura.

Zuwan Turawa

Wannan ladabi ga mai ƙarfi ba yau ya fara ba. Dubi yadda littattafan makaranta suka koya mana kiran abin da ya faru a farkon ƙarnin da ya wuce: zuwan Turawa. Kamar waɗanda suka yi sallama aka ba su ruwa. Kano an ci ta da yaƙi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Haɗejiya kuwa, ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin Ingila suka shige ta da manyan bindigogi, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da ɗimbin jama'arsa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Su Turawan a rahotanninsu sun kira irin wannan aiki wanzar da zaman lafiya. Haka Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022 ta hana 'yan ƙasarta kiran abin yaƙi, ta ce aikin soja ne na musamman. Babu ɗan mamayar da ya taɓa kiran kansa da sunan. Abin takaici shi ne a wayi gari wanda aka mamaye ya ari bakin wanda ya mamaye shi.

Auyo ta fi kowa sanin cewa iko yana sauya hannu, suna kuma ya bi mai nasara. Tsohuwar masarauta ce, tana cikin ƙananan ƙasashen wannan yanki da suke bin Barno ta hannun Galadima na Nguru, kafin jihadi ya haɗe su ƙarƙashin Haɗejiya a zamanin Sambo, wajen 1808. Wanda ya ci ya ce an buɗe ƙasa, wanda aka ci ba a tambaye shi ba. Akwai ma wadda ta fi wannan shiru. Auyakawa suna da harshensu, ɗan uwan Badanci da Ngizimanci, kamar yadda mutanen Shira da Tashena suke da nasu. Yau babu mai jin sa ko mutum ɗaya. Ba a yi yaƙi a kansa ba. Kasuwa da aure da makaranta da fada suka yi ta ƙara kunya ɗaya kowace damina, har Hausa ta cinye gonar duka. Harshen da muke wannan rubutu da shi ma ya taɓa cin iyakar wani. Darasin shi ne cin iyaka a hankali ya fi hari gama aiki, domin hari yana tada gari, shi kuwa cin iyaka sai an nemi abu an rasa ake sanin an yi shi.

Abin da muke nema

Ga 'yan jarida da masu fassara labarai, musamman na gidajen rediyon Dutse da Kano da masu manyan shafuka a Facebook: kowace jimla ku nemo mata mai aikatawa. Kafin ku rubuta cewa ruwa ya mamaye, ku tambaya ko an saki ruwa daga madatsa a makon, ko jinga ce ta ɓalle, kuma wa ke da alhakin gyaranta. Idan kun kawo labarin shanu a gona, ku je ku auna burtalin garin ku faɗa mana taku nawa ya rage. Idan an ware fili, ku faɗi daga hannun wa aka ware shi, nawa aka ba shi.

Ga hukumar kogi da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe: a riƙa sanar da ranakun sakin ruwa da yawansa da Hausa, a rediyo da saƙon waya, kafin a saki. A sa wakilan manoma da masunta da makiyaya na ƙasan kogi a teburin da ake tsara shi. Yankan kacala ba tare da gyara tafiyar ruwa ba aski ne, gashi zai sake tsirowa.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni: ku ne kuka san inda kowane burtali ya bi da inda kowace mashaya take. Ku kira cin burtali da sunansa a bainar jama'a, da irin muryar da kuke kiran ɓarnar shanu, ko da mai gonar shi ya gina masallacin unguwa.

Ga marubuta kuma, mu da muke cika shafuka da labaran soyayyar Abuja da Dubai: ga fadama nan cike da labari. Akwai masuncin da ya sayar da kwale-kwale saboda babu hanyar tuƙa shi, akwai amaryar da ruwa ya tafi da kayan ɗakinta sati biyu da tarewa, akwai yaron da ya iso mashayar da ubansa ya nuna masa ya tarar da shingen ƙaya. Idan ba mu rubuta su da kalmomin da suka dace ba, rahoton ma'aikata ne zai rage wa jikokinmu, kuma a cikinsa za su karanta cewa ciyawa ce ta ci ƙasar kakanninsu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu kunnen jin ƙorafi tun kafin ruwa ya kai wuya.